Saran Farko a Bakin Tafki

Tafkinmu ba ya haɗuwa da teku sai mun buɗe masa. Tudun yashi ne tsakaninsu. Damina ta cika tafkin, jatan lande su yi ƙiba a ciki. In sun kai tsawon yatsa, dattijon masunta ya kunna fitilar man kwakwa a kan yashin, ya ajiye shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, ya yi saran farko da fartanya. Ruwa ya ɓalle, mu tare bakin da koma, ragarmu ta kamun kifi. Kamun wannan lokacin ne ke riƙe mu har shekara ta zagayo. Babana, Karolis, shi ne mai saran farko.

Bara wani kamfani daga birnin Kolombo ya sare itatuwan gefen gabas, ya jera fararen gidajen hutu a kwarin da kowa ya san ruwa na kwanciya. Suka kafa allon talla a bakin titi, wai ka saya ka riƙa farkawa da kukan tsuntsaye. Tsuntsayen sun bi itatuwan.

Bana ruwa ya hau ciyawar da suka shimfiɗa, ya taɓa matakalar gidan farko. Ga masu saye za su zo ran Lahadi.

Manajansu, Mista Abesekara, ya shigo gidanmu da takalminsa.

"Baba Karolis, a buɗe mana bakin nan kafin Lahadi."

"Jatan landen ba su ƙosa ba, yallaɓai. Kamar ƙwayar shinkafa suke."

"Ai a teku ma za su girma."

"Za su girma, a tukunyar wasu."

Abesekara ya yi dariya. Ya ce yana da izini daga sama, yana kuma da katafila. Direban katafilar wana ne, Tusita, wanda ya kama aiki da su tun da matarsa ta haihu.

Na sami Tusita yana wanke katafilar.

"Yaya, kai za ka tuƙa?"

"In ban tuƙa ba wani zai tuƙa. Kai da ka gama sakandare ka ƙare a ɗinkin koma, zo ka ciyar min da jaririya mana."

"Mu kuma mu ci me in ka zubar da tafkin?"

"Je ka tambayi Baba. Shi ke magana da ruwa."

Ran Lahadi da safe na tara mazan ƙauye, muka zauna a kan yashin, gaban katafilar. Masu saye suka iso da manyan huluna da baƙin tabarau. Bayansu motar 'yan sanda. Tusita ya tayar da injin, ya ƙi kallon inda muke.

Sai ga Baba, fitila a hannu ɗaya, ƙunshin shinkafa a ɗayan, fartanya a kafaɗa.

"Baba, mene ne wannan?"

"Matsa, Indika."

"Mun ce ba mai tashi."

"'Yan sanda za su kwashe ku ɗaya bayan ɗaya, sannan ɗan'uwanka ya yage yashin da ƙarfe. Tun zamanin kakana ba a taɓa buɗe bakin nan babu fitila ba. Ba kuma a kan ɗana za a fara ba."

"Jatan landen fa?"

"Sun riga sun tafi, ɗana. Tun ranar da aka kafa allon can."

Ya kunna fitilar, ya kare ta daga iska da gefen zaninsa, ya ajiye shinkafar. Ya sara.

A wajenmu in dattijo ya yi saran farko ba namijin da ke zama. Mutanen da na tara suka miƙe, suna kauce wa idona, suka hau tona da hannu da shebur. Ni kaɗai na rage a zaune, har ruwan ya fara cin yashin da ke ƙarƙashina.

Ya ɓalle da ƙara, ja wur da laka. Aka tare da koma don an saba. Ƙananan suka yi ta wucewa ta idon komar, muna kallo.

Masu saye suka hau tafi. Wata mata ta matso da wayarta tana ɗaukar Baba.

"Kai, abin sha'awa. Kowace Lahadi kuke yi?"

"Ana iya shiryawa, madam," in ji Abesekara.

Na ja komarmu. Abin da ya maƙale bai cika tafin hannuna ba, sirara, kana hango fatarka ta cikin jikinsu. Na miƙa wa matar. Ta ja da baya, ta ce suna ƙarni.

Tusita ya kashe katafilar, bakinta bai taɓa yashi ba. Baba ya ɓare ganyen ayaba, ya raba shinkafar kamar kullum. Tusita ya karɓa da hannu biyu, ya ci kansa a ƙasa. Da aka miƙo min nawa, na sa hannuwa a aljihu.

Kafin la'asar ciyawar kamfanin ta fito fes. Gidan farko an manna masa "An sayar".