Ƙarfe Ɗaya Ne a Tashar Nan

Tsohon direban da ake kira Ƙarfe bai taɓa zama a aji ba, amma sau uku mota tana kifewa da shi yana fitowa da ƙafarsa. Shi ya kafa ƙungiyar direbobin tashar. Da aka ce za a buga sunayen ’yan ƙungiya da hotunansu a bangon ofis, jikarsa mai aikin kwamfuta ya sa ta yi.

Ranar da za a kai wa mai bugawa, ya ja kujera ya zauna kusa da ita.

“Nuna mini kaina.”

“Kaka, wani tsari na yi a kwamfuta, ƙamus ake ce masa. Laƙabin kowa shi ne makullinsa, hotonsa yana ƙarƙashi. Bari in kira makullan.”

Ta danna, sunaye suka jeru. Ta karanta masa: Ƙarfe ne a sama. Ya gyara hula. Sai ta buɗe hoton, ga wani saurayi da tabarau yana dariya.

“Wannan ɗan tayin fa?”

Ta dafe baki. “Sabon direban nan ne, shi ma Ƙarfe suke ce masa. Ƙamus ba ya riƙe makulli iri ɗaya sau biyu. Da na shigar da shi, sai ya hau kan naka.”

“Ya hau kaina? Ni da gada ta karye da ni, na fito ina tambayar ina hulata! Kogi bai shafe ni ba, sai akwatinki?”

“Sauƙi ne, tsoho. In sa Ƙarfe Babba da Ƙarfe Ƙarami.”

“Babban wa? Sunan da na saya da haƙarƙari huɗu za ki yi wa jela?”

Ya aika aka kira saurayin. Ya shigo yana wasa da makullin mota, ya durƙusa.

“Kai, me ka karya aka ce maka Ƙarfe?”

“Baba, wallahi fasinjoji ne kawai...”

“Ko taya ta taɓa fashe maka a gangara?”

“A’a, Baba.”

Tsoho ya buga sandarsa a ƙasa, ya dubi jikarsa. “Rubuta masa Gwangwani.”

Saurayin ya dubi sandar, ya tashi ya fita.

Ta rubuta, ta mayar da hoton tsoho, ta sake kiran makullan. Ƙarfe na sama, Gwangwani na can ƙasa. Tsoho ya sa ta buɗe hotonsa, ya daɗe yana kallo.

“Ƙara masa girma,” ya ce. “Tabon goshin bai fito ba.”