Hannun Mijin Gwaggo

Watanni kaɗan bayan rasuwar mijinta, Gwaggo ta je shagon ɗan ƙanenta, mai rubuta allunan shaguna da zane a bayan motoci. Ta ture gwangwanin fenti, ta zauna a kan benci, ta ce tana so ya zana mata aikin hajjin da suka yi tare da marigayin.

"Gwaggo, akwai hotonsa?"

"Ba fuska nake so ba. Ni ƙeyarsa na yi ta kallo har muka dawo."

Ya ajiye sauran aiki ya kama wannan. Ya zana taron mutane cikin fararen kaya, duk sun ba da baya, sun nufi wani haske. A tsakiyarsu ya sa wani dogo mai sanƙo, ya ɗaga hannu biyu yana addu'a.

Da Gwaggo ta dawo, ta daɗe tana dubawa.

"Sanƙon kam ka samo shi," in ji ta. "Amma a cikin cunkoso bai taɓa ɗaga hannu biyu ba. Na dama ne a sama. Na hagu yana baya, a buɗe, don in kama."

"Kina kamawa kuwa?"

"Idan na cim masa. Mutumin da yake tafiya kamar ana korar sa."

Ya shafe hannun, ya sake zana shi. Ya tambaye ta ko ya sa ta a bayansa, ta ce ya bar wurin haka.

Ranar da aka rataye zanen a ɗakinta, 'ya'yanta suka taru. Babban ya ce hannun na nufin mahaifinsu ya saki duniya a bayansa. Ƙanwarsa ta ce a'a, kiransu yake yi su biyo shi. Gardama ta yi tsawo, suka juya ga uwar.

"Ku tambayi mai zanen," ta ce, ta ci gaba da ninke kayan wanki.

Shi kuwa cewa ya yi yatsu suna da wuyar zanawa.

Bayan shekara ya je gaishe ta, ya ga fentin tafin hannun ya koɗe kamar wurin da ake yawan taɓawa, sauran zanen kuwa yana nan kamar sabo. Da zai sake zuwa, ya taho da ƙaramin buroshi da ɗan fenti a murfin kwalba.