Ranar da Ardo Ya Leƙa Rumbun Filibus

A bazarar da ta biyo bayan farin tamanin da huɗu, abu biyu suka rage wa Filibus a duniya: rediyo da rumbu. Abin da ke cikin rediyon kowa ya sani, don Filibus ba ya iya jin labari ya bar shi ya huce a cikinsa. Abin da ke cikin rumbun kuwa, daga shi sai Allah.

Garin Bawa ƙauye ne arewa da Issawane, gida talatin da 'yan kai. Biyar daga ciki na Kirista ne, kuma Filibus ke ja musu addu'a ran Lahadi. Rabin garin ya riga ya gangara Najeriya neman abin kaiwa baka. Waɗanda suka zauna, magana guda ce ta zaunar da su. Tun da kaka Filibus ya miƙe a ƙofar Maigari Bawa ya ce, "Kowa ya ci ɗan abin da ya samu. Irin shuka yana rumbuna, ruwa na sauka in raba ma kowa."

Lokacin da ya faɗa, gaskiya ce. Amma yunwa ba ta san alkawari ba. Yau zangarniya biyu don 'ya'yansa, gobe uku don Habsatu, makwabciyarsa da mijinta ya rasu, jibi wani tsoho ya zo ya zauna a zaure har sai an ba shi. Kafin zafi ya kankama, rumbu ya koma wayam. Filibus ya mayar da murfin ciyawa ya ɗaure tam. A can ba mai leƙa rumbun wani, ko matarka ba ta hawa, shi ya sa asirinsa ya rufu. Kullum mutane suka wuce sai su ɗaga kai su dubi rumbun, hankalinsu ya kwanta.

Ana nan sai rigima ta tashi a bakin rijiya. Ita kaɗai ke da sauran ruwa a yankin, ga kuma Fulanin Ardo Sale sun sauka kusa da ita da 'yan shanun da suka rage musu. Daga gardamar wa zai fara ja, aka harbi wani manomi, Mati, da kibiya a cinya, aka soke saniya da mashi. Washegari motar jandarma ta iso. Zamanin soja ne, ba a doguwar magana. Suka ce in aka sake zubar da jini za su rufe rijiyar, su kwashe mutum goma-goma daga kowane ɓangare.

Aka taru a gindin gawo. Manoma suka ce Fulani su fara aje baka. Fulani suka ce a'a, manoma su fara fito da masu. Tun hantsi ake abu guda har inuwa ta juya.

Bakin Filibus ya yi masa ƙaiƙayi. Kai, mutumin nan da baki! Ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, wagga gardama tamu ita ake yi yanzu haka a Janeba."

"To, rediyo ta kama," in ji Gajere maƙeri. Aka yi dariya, ta farko tun safe.

"Ku yi dariyarku. Amurka da Rasha kowa yana da makamin ƙare dangi, nukiliya, wanda in aka saki ɗaya ko ƙadangare ba ya saura. Sun aika wakilai sun zauna tebur guda don a rage. Kun san abin da ya tsaida su? Wannan ya ce na rage, wancan ya ce bari in zo in gani da idona."

Ardo Sale, dogon tsoho mai magana a hankali, ya ɗago kai. "Sun yarda a leƙa?"

"Har yanzu suna ja."

"To mu mu riga su. Mutum ɗaya daga cikinku ya shiga bukkokinmu ya duba, ni kuma in duba naku. Sai dai ku manoma na san inda kuke ɓoye abu. Ba ƙarƙashin gado ba, cikin rumbu." Ya dubi Filibus. "Malam, tunda kai ka kawo shawara, da naka za mu fara."

Jama'a suka ce madalla. Filibus ya shiga lissafi. In ya ƙi, Fulani za su ce makamai ya tara, sulhu ya watse, a rufe rijiya. In ya yarda, kafin la'asar gari ya san babu iri, gobe kowa ya ɗaure kayansa ya bi hanyar kudu yana tsine masa. Tsoro ya kama shi, kunya ta fi tsoron. Ya tuna wakilan nan na Janeba da yake yi wa tsaki kullum, ya ji tausayinsu.

"A kawo tsani," ya ce.

Gari duka ya biyo su. Esta matarsa ta tsaya a bakin danga, hannu a ƙirji. Ba ta taɓa tambayarsa ba, amma mace mai daka ta san lokacin da zangarniya ta daina fitowa. Filibus da kansa ya riƙe tsanin.

Ardo ya hau, ya kwance igiya, ya ɗaga murfin, ya cusa kai. Ya daɗe. Me zai gani? Ƙaiƙayi, kashin ɓera, da wata tsohuwar tsintsiya. Ya mayar da murfin, ya ɗaure shi yadda ya same shi, ya sauko a hankali.

"Me ka gani, Ardo?" in ji Maigari.

"Babu kibiya, babu mashi."

Gajere ya matso. "Irin fa? Zai ishe mu?"

Ardo ya kakkaɓe rigarsa. "Makami aka aike ni dubawa. Hatsin mutum ba ruwana da shi. Ina rumbu na gaba?"

Ko kallon Filibus bai yi ba. Filibus ya jingina goshi da tsanin, ya rasa ko godiya zai yi ko kuka.

Washegari da hantsi aka tura shi rugar Fulani, shi ne mai duba na manoma. Ya shiga bukka ya fita bukka. Ƙoren nono a kife, sun bushe har sun tsage. Fatun shanu a shanye sun fi shanun da ke tsaye yawa. Samari suka tara bakuna da kibau a gabansa, suna harararsa.

A ƙarshe Ardo ya fito daga bukkarsa da kwari, wato gidan kibau na fata, baƙi, ya sha hannu. Ya zube kibansa kan na sauran, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kibau a kai ma gwamnati. Kwarin nan kuwa na mahaifina ne, ba na son a ƙone shi. Malam, ka aje mini shi a rumbunka, tunda na ga wurin da kyau."

Filibus ya karɓa, hannunsa ya yi ƙasa. Kwarin da babu kibiya ba ya nauyi haka. An toshe bakinsa da tsumma, ya ɗan girgiza shi, ya ji wani sauti da duk manomi ya sani ko cikin barci.

"Ardo…"

"Shekaranjiya na sayar da karsana a kasuwa, na auno wannan," in ji tsohon, murya ƙasa-ƙasa. "Ba yawa, kwanon tiya guda ne da 'yan kai. In kun shuka, shanuna su ci kara. Tafi, rana na yi."

Filibus ya taho gida rungume da kwarin, bai tsaya gaida kowa ba, shi da ba ya wuce ko akuya bai ba ta labari ba. Tiya guda ba za ta ishi gari ba, ya sani. Dole wata rana ya tsaya a ƙofar Maigari ya faɗi gaskiya, amma ba da hannu wofi zai tsaya ba.

Ya jingina tsani ya hau. Esta ta zo ta riƙe masa daga ƙasa.

"Maigida, makami za ka sa a rumbu, jiya-jiya aka duba?"

Ya cire tsumman, ya zuba kaɗan a tafinsa, ya sunkuyo ya miƙa mata. Ta dubi ƙwayoyin geron, ta rufe hannu a kansu.

"Riƙe tsanin da kyau, Esta," ya ce. "Idona ba ya gani sosai."