Ɗaɗɗoyar Dada

Kwana biyu kacal na yi a Kurfi wajen ta'aziyya. Na hawo motar gyaɗa na dawo Dutsin-Ma, ko lulluɓi ban cire ba na zagaya bayan ɗaki duba shukata. Lafsur na nan, lawashi na nan, ɗaɗɗoyar miya na nan cikin fasassun tukwanenta. Guda ɗaya ce babu, wadda na bari ta yi huda don iri, na ɗaura mata jan tsumma. Kututture kawai na tarar.

Irin nan daban yake da sauran, mai ƙananan ganye ne, na Dada mahaifiyata. Ganye biyar sun isa tukunyar taushe. Gidanta na Kurfi ya rushe tun bara waccan, ba inda zan ƙara samo shi. Kuma ba akuya ba ce. Akuya ba ta yanka da wuƙa.

Na wuce gidan Azumi mai tuwo-tuwo, danga ce tsakaninmu. Sau uku tana roƙona irin nan ina hana ta. Na buɗe tukunyarta na shinshina.

"Zinariya, duba-gari kika zama?" in ji ta. "Ina kakinki?"

"Ɗaɗɗoyata nake nema."

"To kuka ce da daddawa. Zauna a zuba miki, tunda hanci ya riga ya ci."

Ban ji ƙamshin ba, gaskiya. Amma dariyarta ta yi yawa.

Na koma gida na tsare Fatu, matar autana Dalhatu, tana jego. Ta sunkuyar da kai tana "Inna, ni ban fita ba." Sai hancina ya ja ni ɗakinta. Ga shukata rataye a kan gado, rabi kuma toka a kasko.

Dalhatu ya shigo. Na ce wa ya yanke?

"Ni ne, Inna. Sauro ya hana jaririn barci. Na ga ta tsufa ta yi fure, ba ta miya ba ce kuma."

"Jan tsumman fa? Ado na yi mata za ta biki?"

Dalhatun da bai san bambancin lafsur da ciyawa ba, wa ya gaya masa hayaƙinta na korar sauro? Na tambaya sau uku kafin ya ce Iya Azumi ce. Ita ta nuna masa wadda zai yanka ta saman danga. Ya kuma miƙa mata reshe biyu, wai jikanta ma sauro na cinsa. Azumi ba ta da jika a garin nan.

Na sauke abin da ya rage na murza a tafin hannu. Irin duk ɗanye, zafin hayaƙi kuma ya gama da shi. Na shuka duk da haka, kwana goma sha biyu ina ba shi ruwan alwalata. Ko tsiro.

Ranar sha uku na taka turmi na leƙa danga. Bayan rumbun Azumi ga kasko an rufa masa matankaɗi, ƙananan ganye sun yi kore shar.

Na kai ƙara wajen mai unguwa Labaran. Ya yi ta shafa gemu, wai a kan ganyen miya? Na ce a kan na uwata. Aka kira Azumi, ta rantse iska ce ta kai mata. Iska har da rufa matankaɗi!

Ya ce a raba tsiron biyu. Na ce ba a raba wa ɓarawo. Ya ce to in ɗauki rabi ko in tafi hannu biyu.

Na ɗauki rabin, ni na zaɓa da hannuna. Suna ƙofar ɗakina yanzu, inda nake ganinsu daga tabarma. Jiya miyar Azumi ta ƙetaro danga da ƙamshin Dada, har ta aiko mini a akushi. Na mayar mata.