Shagon da Ba a Cewa Babu

A shagon Baba ba a cewa babu. In ka zo neman guga ya ƙare, baho zai miƙo maka, ya yi ta yabonsa har ka ji kunyar ajiyewa. Ni mai ɗauko kaya daga sito, na saba.

Ƙanwata ce ta gina wa shagon shafin intanet. Baba ya ce a gwada, in bai yi ba a rufe, ta koma teburin ciniki. Ita kuwa gara a doke ta da ta koma teburin nan.

Ta sa wa wurin bincike dabara: ko a karkace ka rubuta sunan kaya zai gane, ya kawo maka shawarar masu kama da shi. In ba mai kama, sai ya ce babu.

Baba ya gani, ya gyara tabarau.

"Wa ya koya masa wannan maganar?"

"Baba, ai gaskiya ya faɗa."

"Sassauta shi."

Ta sassauta. Ya ce ta ƙara. Ta sake shi gaba ɗaya, har ya zama ko kyanwa ce ta taka madannan kwamfuta, shafin zai ce akwai.

Ran nan wani mutum ya zo da motar ɗaukar kaya. An sallami mahaifiyarsa daga asibiti, ba ta iya tashi. Ya nemi gadon marasa lafiya, shafin ya ce akwai. Na shiga sito na duba. Gadon jarirai ne, har da 'yar ƙararrawa. Na fito da shi, tunda aikina ke nan.

Mutumin bai yi faɗa ba. Ya dubi gadon, ya ce, "Baba, tana can kan benci tana jirana. Akwai ko babu?"

Baba ya buɗe baki. Ya dubi katifu, ya dubi kujeru. Tausayinsa ya kama ni, ban taɓa ganin ya rasa abin miƙawa ba. Ƙanwata har ta fara naɗe wayar kwamfutarta.

"Ajiye," in ji Baba. "Mayar da shafin yadda yake da farko."

Ta mayar, ta sake rubuta sunan gadon, shafin ya ce babu. Baba ya juya wa mutumin fuskar kwamfutar da hannunsa, kansa a sunkuye.

Sai da motar ta tashi ya ce mata, "Kar ki ƙara sassauta shi, ko ni na ce."