Ƙuda a Sama

Mutum-mutumin yana tsakar ɗaure noti a gaban baƙi sai ya tsaya cak, ya kaɗa hannu a gaban fuskarsa, hagu da dama, sannan ya koma aikinsa.

Narelle ta runtse ido. Hannunta ne wannan.

Shekaru ta yi a jejin Pilbara sanye da rigar wayoyi, tana ɗaure noti tana kwancewa cikin rana, shi kuma mutum-mutumin yana haddace duk motsinta. Ƙudajen can ba sa ɗaga wa fuska ƙafa, kowa korarsu yake bai ma sani ba. Ashe har wannan ya kwashe. Ga shi yanzun nan Declan Purcell, mai kamfanin, ya gama cika baki wai abin da kansa ya koyi komai. Declan ɗin da sau ɗaya ya je Pilbara ɗaukar hoto, ya ƙi fitowa daga mota.

Matar hukumar sararin samaniya, wadda za ta yanke ko a tura shi taya 'yan sama jannati aiki, ta gyara tabarau. "Mista Purcell, can saman ma akwai ƙudajen ne?"

Aka yi dariya. Declan ya fi kowa, har da riƙe ciki.

A ɗakin shayi ya ritsa ta. "Narelle, ƙawata, ƙauyancin nan naki ki goge shi kafin Litinin. In ba haka ba, ke za a goge."

"To, ranka ya daɗe. Ai na ɗauka shi ya koya wa kansa."

Tun tana yarinya take kwanciya kan rufin motar babanta tana kallon taurari har idonta ya yi ruwa. Likita ne ya saurari zuciyarta, ya ce tana tsallake bugu, shi ke nan zancen zuwa sama ya mutu. Yanzu ƙarfe zai je a madadinta, da sunan Declan a ƙirji.

Ranar Litinin mutum-mutumin ya ɗaure notinsa tsaf, hannu bai kauce ba. Declan ya buga wa matar hukumar waya, wai abin ya gyara kansa.

Narelle ba ta goge ba. Ɓoye motsin ta yi, sai ranar da ya isa sama, nauyi ya bar jikinsa, zai dawo.

Ta ɗauki jakarta ta fita. Ƙuda ya sauka mata a leɓe, ta kore shi.