Baretin Baba Yakuba

Iklima ta ja linzamin kwamfutar zuwa hagu, hoton ya tsaya cik, ya yi tsalle, sannan ya biyo hannunta a makare. Ta sake ja, haka dai. Lambar da ke kusurwar allo, mai nuna yawan hotunan da injin ke zubowa a daƙiƙa, kullum tana wasa ne a wajen ɗari da arba'in. Yau ta kasa riƙe saba'in, da an fara harbi a cikin wasan kuma sai ta faɗi warwas.

Ga shi da la'asar ɗin nan ƙungiyarsu ta mutum biyar za ta buga wasan da zai raba gardama, wanda masu nasara za su tafi gasar Kwatano. Faisal, kyaftin ɗinsu, da jiɓin goshi ya shawo kan sauran suka yarda da mace a cikinsu. Bai kuma ɓoye mata ba, akwai wanda ke zaman jiran kujerarta.

Ta duba intanet, lafiya lau. Ta kwance murfin akwatin kwamfutar ta leƙa. Bareti biyu ta sani a ciki, 'yan sirara masu jan baki, su ne ƙwaƙwalwar da injin ke ɗibar kayan wasa daga ciki. Yanzu guda ɗaya ce, koriya, zaune ita kaɗai.

"Kin gani ko?"

Mahaifinta ne, Baba Yakuba tela, tsaye a bakin ƙofa da awon ɗinki a wuya, baki har kunne.

"Giga talatin da biyu ce wagga! Naki takwas-takwas ne, ko an gama su sha shidda. Jiya kina wurin aiki na ɗauki abin a taksi na kai ma Alhaji Bashir, Zongo. Ya ce mini, Yakuba, kai tela ne, wa ka barin turmin atamfa ya ɗauki guntaye biyu?"

Iklima ta dube shi. Wannan mutumin ne ya shekara yana kiran abin nan sana'ar marasa aikin yi. Shi ne ya taɓa sa almakashi ya datse mata wayar wuta. Tun da ya ji zancen Kwatano ya fara tsayawa a bayanta yana kallo shiru, amma ba ta taɓa zaton zai yi mata wani abu ba. Yau ga shi ya yi. Garin neman gira an rasa ido.

Me za ta ce masa? Cewa bareti biyu hanya biyu ce, injin na ɗiba ta nan yana ɗiba ta can a lokaci guda? Cewa wannan koriyar babban rumbu ce mai ƙofa ɗaya, kuma tsohuwar ƙira mai nawa, alhali wasan ko sha shidan ba ya cinyewa? Maganar ta zo mata har baki. Ta ga yadda yake murza hannu yana jiran godiya kamar yaro.

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Yana fita zuwa shagonsa na bayan kasuwar Petit Marché, ta zare koriyar ta naɗe a gyale, ta tare taksi.

Shagon Alhaji Bashir na cikin wani lungu a Zongo, cike da matattun kwamfutoci har rufi. A bakin ƙofa dattawa na zaune kan benci ana zagaya shayi, yawancinsu abokan sahun mahaifinta ne a masallaci. Ba su ta fara gani ba. Rigar da ke jikin Alhaji ta fara gani: shuɗiyar shadda mai aikin aska takwas, wadda Baba Yakuba ya yi ta sakar wuyanta da hannunsa tun idanunsa na da ƙarfi, ya adana a ƙasan akwati yana cewa ranar auren Iklima zai sa. Ashe ita ce cikon cinikin.

"Ɗiyata! Lahiya?" in ji Alhaji.

Ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta rage murya.

"Baba Alhaji, baretin ga ba ta dace da mashin ɗina ba. Ina da mach yau. Nawa na zo a taimaka mini da su."

Ga su can a cikin gilashi, gefe da gefe, an goge su suna ƙyalli. Har an kafa musu 'yar takarda da Faransanci, mai cewa tagwaye ne masu gudu, na 'yan wasa. Alhaji ya san abin da ya karɓa, ya san abin da ya bayar.

"Ba ta tashi ba ne?" in ji Alhaji.

"Ta tashi."

"To, mi kuma? Talatin da biyu ta hi sha shidda, ko a lakkal haka aka koya muku." Dattawan suka yi dariya. Alhaji ya gyara hannun riga a kafaɗa. "Ni da Yakuba munka yi ciniki, munka tafa a gaban mutanen ga. Ban ƙi ba. Kira shi ya taho ya faɗi da bakinai cewa bai san abin da ya saya ba, ɗiyatai ta hi shi sani. Sai in tuɓe riga in ba shi, ki kwashe kayanki."

Ya faɗa ne da fara'a, kamar mai yi mata alfarma. Iklima ta tsane shi a lokacin nan, tsana ta gaske. Ta ciro salula ta kira. Bugu ɗaya aka ɗauka, ƙarar kekunan ɗinki ta cika mata kunne.

"Iklima! Yanzun ga nake ba su labari. Na ce musu ɗiyata za ta Kwatano, ni na gyara mata mashin da kaina. Ga yaron shagona Abdu yana cewa a gaishe ki. Mi ya faru?"

Alhaji na kallonta, dattawa sun dakata da kofunan shayi. Tsakaninta da baretinta bai fi taku ɗaya ba.

"Ba komai, Baba. Na ce in ƙara yi maka godiya."

Ta naɗe koriyar ta juya. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

A hanya ta kira Faisal ko akwai mashin na aro. Babu, kowa na kan nasa, na gidajen wasa kuwa gara nata. Ta koma gida ta mayar da baretin, ta rage kyan hoto har itatuwan cikin wasan suka koma kamar zanen gawayi. Lambar ta ɗan ɗaga, amma ba a nan ciwon yake ba. Muddin fili shiru ne, komai sumul. Da an haɗu ana ruwan wuta, injin na neman kaya da yawa a lokaci guda, sai hoton ya sarƙe na ƙiftawar ido, kuma a cikin ƙiftawar nan ake mutuwa. Tana ganin abokin gaba, hannunta ya riga ya kai, allon ne bai kai ba.

"Iklima, bouge! Motsa mana! Kina barci ne?" Faisal ke ihu a kunnenta.

A zagayen ƙarshe ita kaɗai ta rage da mutum ɗaya, irin wanda take kayarwa ko da hannun hagu. Ya leƙo, hoton ya tsaya. Da ya dawo, tana kwance.

Ba wanda ya zage ta, gara ma a ce sun zaga. Faisal ya ce za su yi magana, ta kuwa san ma'anar hakan. Kafin ta cire abin kunne an fitar da ita daga zauren ƙungiyar.

Gab da magariba Baba Yakuba ya shigo da ƙunshin kilishi. Fuskarta kawai ya kalla ya ajiye ƙunshin a hankali.

"Mashin ɗin ne bai yi gudu ba?"

Ta san idan ta ce e, yau ba zai iya cin tuwo ba, gobe kuma ba zai iya tsayawa sahu ɗaya da mai shuɗiyar riga ba.

"Ya yi gudu, Baba. Hannuna ne."

Ya sauke ajiyar zuciya, har kafaɗunsa suka saki. Ya zauna a bakin gado ya daɗe yana kallon akwatin.

"To, alhamdu lillahi, ba mu rage komi ba," ya ce a tausashe. "Kayan aiki sun cika, an ba ki mafi girma da ke Yamai, abin bai yiwu ba. Ashe dai ba hanyarki ba ce, ɗiyata. Ki haƙura da wasan ga haka nan. Aikin sallar Tabaski ya yi mini yawa, gobe ki taho shago ki kama mini sa maɓalli."

Iklima ta miƙa hannu ta kashe allon.

"To, Baba," ta ce. "Da safe ko da rana?"